Fenti a Kan Tsatsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan gaɓar kogin Essequibo. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma danginsa suna zaune a cikin sahun nan. Wasunku sun sha cin gurasar roti da shi a faranti ɗaya.

Aikinsa kula da tankunan mai ne a wata ma'ajiya da ke bakin kogi, inda kwalekwalen masu haƙar zinariya ke shan fetur kafin su nausa daji. Manyan tankuna ne na ƙarfe, a tsaye kan siminti. Shi aka damƙa wa amanarsu. Ya zagaya, ya duba, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya tsayar da aiki a gyara. Kada wani ya ce rashin sani ne ya kai shi. Ya san aikin nan ciki da waje.

Ya san ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin tanki yana cin ƙarfe ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa lokaci lokaci ake kwashe tanki tas, a wanke, mutum ya shiga ya auna kaurin ƙarfen.

Ya kuma san amfanin katangar simintin da ke kewaye da kowane tanki. An gina ta ne don in tanki ya fashe, man ya tsaya a ciki kamar ruwa a baho. A gindinta akwai bututu mai bawul, wato abin murɗawa na buɗewa da rufewa, kuma doka ita ce bawul ɗin ya zauna a rufe. In ruwan sama ya taru, sai mutum ya zo ya duba ko akwai maiƙo a kai. In babu ya buɗe, ya tsaya har ruwan ya tsiyaye cikin lambatu, sannan ya rufe. Kun dai san ruwan garin nan in ya kankama, ba ya ba kowa hutu.

To me ya ɓata shi? Son yabo. Mai ma'ajiyar yakan dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce tun da wannan ya kama aiki tanki bai taɓa tsayawa ba. Maganar nan ta shige shi har ɓargo. Kwashe tanki kuwa yana nufin kwalekwale su yi layi, masu su su yi ta mita, yabo ya yanke. Sai ya zaɓi fenti. Duk inda tsatsa ta leƙo a gindin tankin fetur, sai ya sa a shafe ta da fari. Da tsayuwa cikin ruwa ta ishe shi, ya buɗe bawul ɗin katanga ya bar shi haka.

Akwai sufeton gwamnati, Mista Cummings, da ke zuwa daga babban birni, Georgetown. Labarin zuwansa yana riga shi ƙetare kogi. Da safen ranar sai mutumin nan ya je da hannunsa ya rufe bawul, ya maƙala masa kwaɗo. Ku tsaya a nan, 'yan uwa. Wanda ya san ya rufe don idon sufeto, zai ce bai san amfanin rufewa ba?

Cummings ya zagaya yana murmushi, ya ce, "Tankin nan naka sai ƙyalli yake, har yana kashe min ido. Yaushe rabon da a leƙa cikinsa?"

"Ranka ya daɗe, bara muka kwashe shi. Da kaina na shiga."

Ƙarya ce. Sufeton ya yarda da bakinsa, kuma ban wanke shi ba, shi ma yana da tasa tambayar. Bai kai ga hawa jirgin komawa ba aka cire kwaɗon.

Lambatun da bututun ke zuba a ciki ya ratsa ta cikin unguwa. Gidajen wurin na katako ne a kan dirkoki, kuma mata a ƙarƙashinsu suke girki. Ɗaya daga cikin gidajen na yayarsa ne, Zabeeda. Ita ta goye shi bayan mahaifiyarsu ta rasu, ita ta yi ta sayar da soyayyen kifi a tashar jirgi har ya gama makaranta. Ya yi aure ya hayayyafa, amma abincin rana a wurinta yake ci.

Wata rana tana zuba masa shinkafa ta ce, "Auta, lambatun nan warin fetur yake. Kifayen ciki ma duk sun juyo da ciki sama."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Yaya da hancin nan naki. Masu kwalekwale ne ke wanke inji can sama."

"Ka tabbata ba naku ba ne? Ranar Lahadi zan hura manyan murahu a nan, kada ka manta akwai saukar Alƙur'ani don marigayi Baba."

"In namu ne ai ni zan fara sani. Ƙaro min miya."

Ta ƙara masa. Ya gama ci ya koma aiki, ya wuce kai tsaye gindin tankin. Ya durƙusa, ya shafa, ya shinshina hannunsa. Fentin ya kumbura, fetur yana tsattsafowa ta ƙarƙashinsa.

Hannunsa har ya kai kan bawul ɗin. Wannan shi ya faɗa min da bakinsa. Sai Shaiɗan ya raɗa masa: in ka rufe, fetur zai taru cikin katanga, gobe kowa ya gani, a tambaye ka ina kwashewar da ka ce an yi bara. In ka bar shi a buɗe, ruwan sama zai wanke, ba wanda zai sani. Ya janye hannunsa. Ya ce a ransa in kasuwa ta ɗan lafa zai san dabarar da zai yi. Ya san inda lambatun ya bi, ya san wadda ke girki a bakinsa, ya juya ya tafi.

Ranar Lahadi an kwana ana ruwa, ya ɗauke da hantsi. Lambatu ya cika yana gudu. Mata sun taru a ƙarƙashin gidan Zabeeda, an ɗora manyan tukwane, ana hira ana yanka kabewa. Mu maza muna sama muna karatu.

A daidai lokacin ne gindin tankin ya ɓarke. Katangar tana nan daram, da za ta iya riƙe man duka. Amma ƙofarta a buɗe take. Fetur ya bi bututu ya hau kan ruwa ya gangaro unguwa, tururinsa ya riga shi isa murhu. Mun ji ƙara, muka leƙo, muka ga wuta tana tafe a kan ruwa. Wa zai kashe wutar da ruwa ke ɗauke da ita?

Gidaje sun ƙone a jere. Mu da ke sama ta taga muka dira. Zabeeda ita ce mafi kusa da murhu, ita ta tura matan da ke bayanta suka tsira.

Na je wurinta a asibiti da yamma. An naɗe ta gaba ɗaya, bakinta kaɗai ke motsi. Ƙanen nata yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Ta ji muryata ta ce, "Liman, an ce daga ma'ajiyarsu abin ya taso. Auta fa? Wutar ba ta same shi ba ko?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ce masa kada ya tsaya kusa da tankunan nan, ba su da kyau."

Yana jin ta. Kafin magariba Allah ya karɓi ranta.

Masu bincike suka zo, suka tarar da bawul a buɗe, suka kankare fenti suka ga abin da ke ƙasa. An ɗaure shi, ya yi zamansa ya fito. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma yankin Berbice. Wanda ke dafa kafaɗarsa ya rantse a kotu bai san komai ba. Shi kuwa mutumin nan, yanzu ba ya iya zama inda ake girki. Yana zuwa masallaci, amma a bayan kowa yake tsayawa, kuma tun ba a gama sallama ba yake ficewa. Ƙofar tuba a buɗe take gare shi, ni ma na gaya masa. Sai dai wadda yake so ya roƙa gafara tana cikin ƙasa, kuma ta tafi ne tana yi masa fatan alheri.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai ɗauki makami ba. An ce ya duba, ya ce ya duba alhali bai duba ba. Ya ga haɗari ya rufe shi don kare sunansa. Wannan ha'inci ne, cin amana ne, kuma za a tambaye shi. Ku masu tuƙa kwalekwale, ku masu gyaran inji, ku masu ajiye durom na fetur a ƙarƙashin gida, me kuka gani jiya kuka kau da kai? Wa ke zaune a ƙasan abin da kuka ɓoye? Kunyar faɗin gaskiya ta yini guda ce, ku ɗauke ta tun da sauran lokaci.

Allah ya jiƙan Zabeeda, ya sanyaya makwancinta. Allah ya karɓi tuban ƙanenta. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana, a gaban mutane da bayan idonsu, ya kiyaye mu daga zama sanadin halakar masu ƙaunarmu. Amin.