Tabawa da Ɗakin Ƙasa

Tun garinmu bai da suna, tun wurin kasuwa yana makwancin ɓauna, wasu maharba suka sauka a gindin tsauni. Gida biyar ne, mutum goma sha tara har da na goye. Shugabansu Jatau, Sarkin Baka, dogo mai magana ta hanci. Dodon gwanki, mai bin sawu a kan dutse. Yana da ƙanwa, Tabawa, maginiyar tukwane, wadda aka ce ba a taɓa gama gardama da ita an tashi da kalmar ƙarshe ba.

A bukkokin ciyawa suke zaune, kuma suna da doka guda da ba a taɓawa: ƙasa ba ta hawa kan mai rai. Duk wanda ƙasa ta rufe kansa, ko kogo ya leƙa, ya zama na matattu. Sai a kife ƙwaryarsa, a daina kiran sunansa. In ya yi kira kuma ba a amsawa, don sun ce wanda ya amsa wa matacce binsa zai yi.

Duk bazara gobarar daji takan zo ta lashe bukkokin. Su gudu kan tsauni, su dawo su sake yankan ciyawa. Wata shekara, suna tonon toka, Tabawa ta ga gidan zanzaro manne a jikin gungume. Wuta ta cinye komai, shi kuwa gidan ƙasan sai ƙarfi ya ƙara, kamar tukunyar da ta sha gashi.

Wata uku ta yi tana aiki. Ta share fili mai faɗi, ko tsinke ba ta bari ba. A tsakiyarsa ta gina wata ƙatuwar tukunya a kife, tsayin mutum biyu, da 'yar ƙofa a gefe.

Jatau ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa da bakansa.

"Ke Tabawa, tuwon wa za a tuƙa a nan?"

"Ɗaki ne, Yaya."

"Kabari dai."

"Ka taɓa ganin kabari da ƙofa?"

"Yau na gani," in ji shi ta hanci. "Kada ki shiga. Ni zan kife ƙwaryar da hannuna, kin sani."

Kada wani ya ce muku ba ta ji tsoro ba. Kwana shida tana zuwa bakin ƙofar, ta sa ƙafa ɗaya, ta janye, ta koma tana gyaran abin da bai lalace ba. A rana ta bakwai, da tsakar rana, ta sunkuya ta shiga.

Sanyi ne ya fara tarar ta, sannan shiru. Kukan tsuntsaye ya ɗauke kamar an yanke shi da wuƙa. Ta ji ƙarar numfashinta ta cika ɗakin, sai ta riƙe shi. Numfashin bai tsaya ba. A bayanta yake, a hankali, irin na mai barci. Ƙofa na gabanta, taku biyu. Ta zauna a ƙasa, ba ta waiwaya ba.

"Sannu da hutawa," in ji ta.

Ba a amsa ba, ba a kuma taɓa ta ba. Sai da inuwa ta karkata ta fito.

Ta iske ƙwaryarta a kife a bakin murhu. Ta gaida mata, suka ci gaba da daka. Ta tsaya a gaban matar yayanta, matar ta dubi bishiyar da ke bayanta. Yara in sun hango ta sai su ratse, ba gudu, ba kuka, kamar yadda ake ratse wa rami.

Haka ta yi damina da kaka a ɗakinta, ita kaɗai. Jatau bai karya doka ba, amma yana da kare, Duna. Yakan zo bakin filin ya tsaya.

"Duna, da akwai mai jin yunwa a nan, da ya ga cinyar barewa a kan gungume."

"Duna," in ji Tabawa daga ciki, "ka gaya wa maigidanka ta jiya tsohuwa ce, haƙorina ya shaida."

Jatau ya yi tari, ya ja karensa.

Da bazara ta dawo, wutar ta zo da rana tsaka, kuma ta kan tsaunin ta gangaro, ta inda suka saba gudu. Suka juya, iska ta juya da su. Babu wurin da ba ciyawa sai filin Tabawa. Can suka taru, hayaƙi ya mai da rana ja, tartsatsi na zuba a kan zannuwa, 'yan goye sun daina kuka saboda shaƙewa.

Tabawa na bakin ƙofa, riƙe da jiƙaƙƙiyar fatar gwanki. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Kowa ya sunkuyar da kai. Wuta sun santa. Abin da ke cikin ɗakin nan ne ba su sani ba.

"Yaya Jatau."

Shiru.

"Yaya Jatau, gashin 'yarka ya fara ƙauri."

Ya duba gefensa. "Duna, ka ce wa..."

Babu Duna. Tuni ya shige, jelarsa ce kawai ke leƙowa ta bayan ƙafar Tabawa.

"Yaya Jatau."

Mutumin da ya tsaya gaban zaki bai ƙifta ba, sai yanzu ya ɗaga kai ya dubi ƙanwarsa.

"Na'am," in ji shi.

Ya jira ya faɗi matacce. Bai faɗi ba. Ya ajiye bakansa, ya ɗauki 'yarsa, ya sunkuya. Sauran suka bi shi, Tabawa ta ja fata ta rufe ƙofa.

A waje wuta na ruri. A ciki duhu. Tabawa ta bi kawuna da hannu don ta tabbata ba a bar kowa ba, ta haɗa da nata. Ashirin. Ta sake bi. Ashirin. Kai na ƙarshe, can jikin bango, sanyi ƙalau, da wani irin kitso da hannunta bai sani ba. Ta janye hannun a hankali.

Da la'asar suka fito cikin toka, su goma sha tara da kare.

Jatau ya dubi hannuwansa, gaba da baya. "Tabawa, yanzu duk mun mutu ke nan?"

"Duk, Yaya."

"To matattu sai su kwaɓa ƙasa. Ɗaki ɗaya ya yi mana kaɗan."

Tabawa ta Jatau, zanzaro mai gini da hannu, wadda ta shiga da rai ta fito da jama'a. A filinta garin Soro Ɗaya ya tsiro. Har yau in an gama sabon ɗaki a garinmu, mace ce ke fara shiga, ita kaɗai, da tsakar rana. Daga ciki ta kira sunan yayanta sau uku, kuma ba a shigar da ko tabarma sai ya ce na'am. Sannan ba ma ƙirga mutane a cikin ɗaki. Sai an fito.