Mutumin da Ya Rantse Injinsa Ba Nasa Ba Ne

An yi wani mutum a ƙasar Anka, wajejen Bagega, yana da injin niƙan dutsen zinariya. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa na nan da rai, kuma ba su suka aikata ba. Injin nan shi ne gonarsa, shi ne garkensa. Masu haƙa su kawo dutse buhu-buhu, ya niƙa musu, su je su wanke su nemi rabonsu.

Dokarsa ɗaya ce: ba a kashe inji da rana. In bel ya zame, a mayar da shi inji na gudu, don sake tayarwa cin mai ne, ga masu dutse sun yi layi. Leburori sun yi ƙorafi, ya ce duk mai tsoro ya koma gida ya taya Innarsa surfe.

Cikinsu akwai Jibo, magidanci, mutumin ƙasar Bukkuyum da ya zo cin rani. Wata Talata da hantsi bel ya zame, mai inji na tsaye ya daka masa tsawa ya mayar. Jibo ya sa hannu. Inji ya kama hannun dama ya murƙushe shi har wuyan hannu.

Dattawa suka nemi sulhu. Suka ce mai inji ya ɗauki nauyin magani, ya kafa wa bawan Allah ɗan tebur ya riƙa ciyar da iyali. Ya ce ƙaddara ce, shi bai aiki kowa ba. Sai Jibo ya kai ƙara kotun shari'a. Nan ne mutumin ya ji cewa hannu ɗaya rabin diyyar rai ne. Ya dubi injin, ya ga kamar an riga an ɗora shi a mota.

Ya 'yan uwa, ku ji dabarar da Shaiɗan ya kitsa masa. Ya kira ƙanensa Rabe, ya sa aka rubuta takarda cewa ya sayar masa da injin tun wata uku kafin hatsarin. Ya sayi shaidu biyu suka dangwala yatsa. Lissafinsa shi ne, baƙo mai hannu ɗaya, wanda ko kuɗin mota zuwa Anka sai an tara masa, ba zai iya buɗe sabuwar ƙara a kan Rabe ba.

Ranar zama, leburorin da suka ji tsawar da kunnensu babu wanda ya zo, kowa na tsoron abincinsa. Alƙali ya ce tunda mai ƙara ba shi da shaida, rantsuwa ta hau kan wanda ake ƙara. Ya gargaɗe shi har sau uku. Mutumin ya fita ya yi alwala, ya dawo ya dafa Alƙur'ani ya ce, "Injin ga ba nau ba na, kuma ban sa kowa ya taɓa bel ba."

Alƙali ya sallame shi. Jibo ya tallafe dungulminsa da ɗayan hannun ya fita. Yadda aka lissafa haka aka yi, bai sake dawowa ba.

Mutumin ya yanka rago, wai Allah ya fid da shi. Wane Allah? Wanda ya yi wa ƙarya da littafinsa a hannu?

Bayan wata biyu ya ce wa Rabe ya kawo takardar a yaga. Rabe na zaune bisa buhu yana tauna goro, ya ce, "Wace takarda, yaya? Kai da bakinka kac ce ba naka ba na, gaban alƙali, da alwala. Ni in ƙaryata ka?"

Mutumin ya kai kuka wajen Innarsu. Tsohuwa ta ce ita ba ta shiga tsakanin maƙaryata biyu, ta juya musu baya. Ya koma wa shaidu, suka ce su abin da suka dangwala wa yatsa suka sani. Fushi ya rufe masa ido, ya kai ƙarar ƙanensa kotun nan dai, gaban alƙalin nan dai.

Alƙali ya sa magatakarda ya karanta masa rantsuwarsa kalma-kalma, sannan ya tambaye shi wanne ne gaskiya, na da ko na yau. Son injin ya rinjayi mutumin, ya ce na yau, waccan rantsuwa ƙarya ce, duk abin da Jibo ya faɗa haka aka yi.

To ga hukunci. Alƙali ya ce iƙirarin mutum kansa yake ci, ba ya cin wani. Ƙarar Jibo ta tabbata a kansa da bakinsa. Inji kuwa na Rabe ne, don takarda da shaidu na nan ba su janye ba. Ya sa a tsare mutumin kan rantsuwar ƙarya, ya aika a nemo Jibo.

Ɗan aike ya kai ƙauyensu, bai tarar da Jibo ba. Matarsa Uwani ce ta biyo shi, tana cikin takaba. Ta ce kuɗin wankin ciwo ya ƙare, hannun ya ruɓe ya hau har kafaɗa, sun rufe shi kwana goma sha biyu da suka wuce. Maganar rabin diyya ta koma maganar rai. Aka sayar da gonar mutumin da gidansa, ba su kai ba. Yanzu yana Gummi yana dako a kasuwa, ba mai ba shi ajiyar ko ƙwarya.

Kada wani ya ce Rabe ya ci riba. Shi da shaidun nan nasu zaman na gaba, a kotun da ba a ɗaga ƙara.

Ya 'yan uwa masu inji, masu rami, masu mota, masu babur: wanda ya naƙasa a aikinku haƙƙinsa na wuyanku, ko alƙali ya gani ko bai gani ba. Gona ana sake saye. Amma yau mutumin nan wajen wa zai je neman gafara? Wanda zai yafe masa yana ƙarƙashin ƙasa.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin mai rauni, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, ya sa mu biya tun mai haƙƙi na numfashi. Amin.