Murhu Mai Cajin Waya a Gidan Inna Shatu

Akwai wani dillalin awaki da tumaki a garin Daura, sunansa Maharazu. Mutum ne mai zafin nema, ga saurin hawa kamar farashin rago ana gobe Sallah. Amma duk wanda ya san shi ya san yana son mahaifiyarsa, so ba na wasa ba.

Mahaifiyar tasa, Inna Shatu, tana zaune a ƙauyensu can bayan Zango. Ya yi ya yi ta dawo Daura, ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin da mijinta ya bar ta a nan za ta zauna. Maharazu shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan na Daura."

Ƙauyen babu wutar lantarki. Wayar da ya saya mata sai ranar kasuwa ake kai ta caji Zango, shi ma in an sami mai zuwa. Ta ɗan yi rai, sannan ta koma ta mutu har wata kasuwar. Ga tsohuwa ita kaɗai a gida, ga ciwon ƙafa. Abin da Maharazu yake so bai fi ya ji muryarta kullum ba, ya san ta tashi lafiya.

Ya taɓa kai mata ƙaramin faifan sola. Da ya koma, sai ya tarar ta naɗe shi a zane ta ajiye a ƙarƙashin gado. Wai abu mai kyau haka, ina dalilin a bar shi a rana ya lalace?

Wata rana ya biya shagon abokinsa Kalilu, mai sayar da kayan waya da 'yan kayan gwanjo a kasuwar Daura. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan murhun ƙarfe, bai fi tsayin buta ba, da wani akwati manne a gefensa.

"Wannan kuma mene ne?"

Kalilu ya ce, "Murhun Turawa ne, masu zuwa kwana a daji don nishaɗi. Kirare ake zuba masa. Zafin wutar ne ke komawa caji, sai ka soka wayarka a nan. Har da 'yar fanka a ciki mai hura wutar, shi ya sa ba ya hayaƙi sosai."

Maharazu ya yi tsalle ya ce, "Naɗe min shi!"

"Tsaya mana, ka cika gaggawa. Ni ba na sayar wa aboki abu ban faɗa masa aibinsa ba. Cajinsa ɗis-ɗis ne, kuma waya ɗaya yake ɗauka. Tukunyar tuwo ba ta zama a kansa, sai dai butar shayi ko 'yar tukunyar kunu. Kuma ba a hura shi a tafi. Sai mutum ya zauna yana ba shi kirare kamar mai ba jariri abinci. In caji kawai kake nema, wallahi sola ta fi shi sauƙi."

"Sola tana ƙarƙashin gado tana hutawa," in ji Maharazu. "Amma wuta? Wa zai koya wa Inna hura wuta? Ta dafa kununta, wayarta ta sha, ni kuma in ji ta. Naɗe min."

Ranar da ya kai mata, ya hura shi a tsakar gida, ya nuna mata inda ake soka igiyar. Da wayar ta yi haske, sai ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Inna Shatu kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Murhun ta kalla ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka."

A farko abu ya yi daɗi. In ya kira, ta ɗauka. "Lafiya lau. Ya yaran? To madalla, sai an jima." Gaisuwar ke nan, ba ƙari. Shi kuma ta ishe shi, har ya yini yana fara'a a kasuwa.

Ba a jima ba, waya ta koma gidan jiya. Ya kira da safe, a kashe. Ya kira da yamma, a kashe. Ya aika saƙo ta bakin wani ɗan acaɓa, aka dawo masa da amsa cewa tana lafiya, murhu ma yana lafiya. To in kowa yana lafiya, me ya kashe wayar?

A daidai wannan lokacin sai wasu baƙin lambobi suka dame shi da kira, kusan kullum bayan la'asar, lokacin da ciniki ya fi zafi. Shi kuwa Maharazu yana da wata doka da yake alfahari da ita: lambar da bai sani ba, ba ya ɗauka. Yakan ce, "Masu son a sama musu tunkiya a farashin kaza ne." Sai ya katse, ya mayar aljihu. Jama'a, irin wannan dokar da yawanmu muna da ita, kar wanda ya yi masa dariya.

Da abin ya ishe shi, ya je ya sauke wa Kalilu kwandon faɗa. Kalilu ya ce in murhun ya lalace ya dawo da shi. Washegari ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Zango, da niyyar ya ɗauko shi ya mayar.

Tun daga zaure ya fara jin hayaniya da dariya. Gidan da ya saba tararwa tsit, in ban da kukan kaji.

Yana shiga ya ga mata zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya. Wata na saƙar faifai, wata na ɓarar gyaɗa. A tsakiya ga murhunsa yana ci bal-bal, buta a kai tana tafasa. A gefe an tara kirare, an kakkarya su daidai da bakin murhun. Ga wayoyi an jera a kan faifai, kowace na jiran layi. Ya duba, ya sake dubawa, babu ta Inna a ciki.

Ya gaisa a gurguje, sannan ya ce, "Inna, ina wayarki?"

"Tana ɗaki."

"A kashe?"

"Ai tawa ba ta da wani aiki."

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. "Haba Inna! Ke na saya wa abin nan, ba gari na saya wa ba. Ina can hankalina a tashe, ban san kin tashi ko ba ki tashi ba, ashe nan an buɗe shagon caji!"

Wata mata ta miƙa hannu a hankali ta ɗauke wayarta daga kan faifai. Inna Shatu ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja ƙafarta ta shige ɗaki.

A cikin matan akwai Gwaggo Kande, ƙawar Inna tun suna amare. Ita ce ta goya Maharazu yana jariri, don haka ba ta shakkar sa ko kaɗan. Ta tashi ta gyara mayafi ta ce, "Kai, biyo ni zaure."

Da suka keɓe ta dube shi sama da ƙasa. "Maharazu, zaman birni ne ya mantar da kai ko kai wane ne a wurinta? Kai ba ɗan fari ba ne?"

"Ni ne, Gwaggo, amma..."

"Rufe min baki. Duk garin nan wa bai san mutum ɗaya ake kira da wayar nan ba? Kana so Shatu ta ture wayoyin mutane a gabanmu, ta ce ku dakata in ji muryar ɗana? Shatu? Ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Mun yi mun yi ta sa tata, ta ƙi."

"To in kun tafi fa?"

"Yaushe muke tafiya? Tun hantsi ake sallama har magariba. Kuma kiraren nan namu ne, kowa da ɗan ƙullinta take zuwa, tunda ka san ƙafa ba ta barin ta fita itace. Ita kuwa ba za ta ƙona abin mutane don buƙatar kanta ba, ko da ba mai ganin ta."

Maharazu ya sunkuyar da kai. Gwaggo Kande ba ta gama da shi ba.

"Da muka ga haka sai muka yi dabara. Na karɓo lambarka a wurin matarka, na raba musu. Duk wadda wayarta ta ɗan sha, sai ta ce bari in gaida mutanen Daura. Ta kira ka, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Ita kuma tana gefe tana tsintar wake kamar ba ta san ana yi ba, amma ina kallon hannun, tsayawa yake cak. Waya ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara, sai ka katse."

Ya ɗago kai. "Gwaggo, ku ne?"

"Mu ne. Ka san me take cewa in ka katse? Sai ta ce, ku ƙyale shi, yana kasuwa ne. Ta ci gaba da tsintar wakenta."

Wallahi, ƙaton mutumin nan da ke daka wa mahauta tsawa a kasuwa, sai ga shi yana share hawaye da hannun riga. Kunya ta kama shi, tausayin mahaifiyarsa ya fi kunyar yawa.

Ya koma tsakar gida ya durƙusa a gaban matan. "Iyayena, na yi rashin ta ido. Don girman Allah ku yafe min. Wadda ta ɗauke wayarta ta mayar."

Suka ce ba komai, ai ɗa ne. Wata ta ce, "Tunda ka zo, karya mana kirare, hannunmu ya gaji." Aka sa dariya. Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, yana karyawa yana zubawa a murhu, ana faɗa masa lambar kowa yana sa mata suna a wayarsa.

Can sai Inna Shatu ta fito. Ta zuba shayi a kofi, ta ajiye a kan tabarma ɗan nesa da shi, ta dubi Gwaggo Kande ta ce, "Ku ba baƙonku, kar ya huce."

Ya koma Daura ba murhu a bayan babur. Kalilu na ganin sa ya ce, "Ina kayan? Ko dai bai lalace ba? Faɗa min gaskiya, don wasu suna tambaya ta ko ya cancanci saye."

Maharazu ya ce, "Duk abin da ka faɗa haka yake. Cajin ba sauri, ba ya tuwo, ga cin kirare kamar fara. Wanda ke da wuta ko sola, ya riƙe kuɗinsa. Amma ka san aibin nan da ka ce, wai sai an zauna a gabansa? A gidanmu shi ne amfaninsa. Tun rasuwar Baba ban ga mutane zaune da Inna haka ba."

Washegari bayan la'asar, ana tsakiyar cinikin wani rago, mai saye ya riƙe hannunsa ana ja-in-ja, sai waya ta yi ƙara. Maharazu ya zare hannunsa ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, wannan ta fi rago." Ya koma gefe ya ɗauka.

"Gwaggo, ina yini?"

"Lafiya lau, mutanen Daura. Yau an ga dama ke nan."

Ya yi dariya. Ya ɗaga murya yadda za ta kai har gindin darbejiya, ya ba da labarin yara ɗaya bayan ɗaya, da na kasuwa, da abin da ya ci da rana. Ta cikin wayar yana jin ƙarar kirare suna ci. Da ya gama ya ce, "Gwaggo, Inna tana kusa?"

"Tana aiki, ba ta ma san da wa nake magana ba."

Sai ya jiyo wata murya daga can gefe, a hankali, kamar mai magana da kanta.

"Kande, ce masa ya dinga shiga inuwa. Muryar nan tasa ta mai mura ce."

Darasi: Ba kowace ƙauna ce ke fitowa ta baki ba, musamman ta iyayenmu da suka tashi da alkunya. Kafin ka yi fushi da yadda aka yi da kyautarka, tsaya ka tambaya, wataƙila ta yi aikin da ya fi wanda ka saye ta dominsa. Kafin ka sayi sabon abu, ka saurari aibinsa, ka kuma duba rayuwar wanda zai yi amfani da shi. Kuma don Allah a rage girman kai da baƙuwar lamba, ba ka san wa ke zaune a gefe yana jiran ka ɗauka ba. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, wanda kuma mahaifiyarsa ke raye, ya kira ta yau. Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna.