Kakar da Ta Ce Ba Ta Son Jikarta

Akwai wata malama a Samaru mai suna Diana, tana karatun digiri na uku a kan riƙon marayu. Ilimi kam Allah ya ba ta, wannan ba a hana ta. Aibinta ɗaya ne, duk abin da bai shiga takarda ba, a wurinta bai faru ba.

A kwatas ɗin malamai ta tashi, 'yar farfesa, Turanci a falo, Turanci a kicin. Tana jin Hausa sarai, amma ba ta taɓa zama gaban tsohuwa ta sha hira ba. Iyayenta sun rasu, ƙannenta biyu suna ƙasar waje. Ita kaɗai ce a gida, daga ita sai kwamfuta da tulin takardu. Wani lokaci sai ta yi kwana uku ba wanda ya buga mata ƙofa.

Shekara biyu ta yi tana tsara wani fom mai tambaya talatin, na auna yadda dangi ke riƙon maraya. Kowace amsa da makinta. Wata ƙungiya mai kula da marayu a Sabon Gari ta ga fom ɗin, ta mayar da shi sabon tsarinta. Gidan da ya ci maki hamsin ko fiye, a bar yaro a hannun danginsa, a taimaka masa da makaranta. Gidan da ya gaza, a nemi dangi su miƙa yaron gidan yara na ƙungiyar, can bayan unguwar PZ.

Daga ranar kan Diana ya ƙara girma. Ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa.

Wata Talata aiki ya kai ta Dogarawa, gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ana ce mata Kaka Salome. Mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Giwa. Iyayenta masu addinin gargajiya ne, ita kuma ta shiga coci tun tana amarya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Wadda ta rage mata a duniya jikarta ce, 'yar shekara takwas, wadda a makaranta ake kira Peace.

Diana ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta duba agogo, ta buɗe fom. Yarinyar na gefe tana wanke kwanuka.

"Kaka, da wane suna kike kiranta a gida?"

"Ayashe."

Diana ta ɗago kai. "Ayashe? Wato a yar da ita?"

"To me za a yi da ita? A bola na tsince ta."

"Wane hali nata ne ya fi burge ki?"

"Yarinyan nan? Ba ta da hali sai ci."

"Kina gaya mata kina son ta?"

Tsohuwa ta kawar da kai, ta ce, "Wa ke son ta? Ni dai ban ce ba."

Diana ta yi ta zuba sifili. Ta ga kitson da ke kan yarinyar sabo ne, ƙanana, irin wanda ke cin wuni guda. Ta ga katifa ɗaya ce a ɗakin, kuma littattafan makaranta ne a kanta, tabarmar tsohuwa na ƙasa. Duk ta gani da idonta. Amma fom ba shi da gurbin kitso, don haka ta wuce.

Minti arba'in ta yi a gidan. Kaka Salome ta ci maki goma sha tara.

A ofis akwai wani dattijo, Baba Shekari, wanda ya yi shekara talatin yana aikin jin daɗin jama'a kafin ya yi ritaya ƙungiyar ta ɗauke shi. Ya karanta rahoton, ya cire tabarau.

"'Yata, ki koma gidan nan ki wuni. Tsohuwar da ta sa wa jika Ayashe, ai sai a tambaye ta 'ya'ya nawa ta binne."

"Baba, babu wannan tambayar a fom."

"To ki ƙara ta mana."

"An riga an tantance fom ɗin nan. Bincike ba ya tafiya da 'ina ji a jikina'."

Baba Shekari ya mayar da tabaransa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, balle wanda ya ƙi ɗaga kai.

Bayan mako biyu motar ƙungiya ta tsaya a ƙofar Kaka Salome. Diana ta karanta mata takarda, ta ce, "Kaka, ba dole ba ne. In kina son ta, ki faɗa a gaban shaidun nan, sai mu sake dubawa."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙasa. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, kowa ya kasa kunne. Can ta miƙa babban yatsanta.

"Ku tafi da ita. Wa ya riƙe ta?"

Ta dangwala. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta ɗauki jakarta ta shiga mota. Diana ta koma Samaru ta rubuta babi guda a kan gidan, ta kira shi misalin yadda fom ɗinta ke ceto yara.

Wata uku bayan haka ta je gidan yaran don bin diddigi. Gida ne mai tsabta, abinci sau uku, makaranta a kusa. Mai kula da yaran, Anti Remi, ta ja ta gefe.

"Malama, wannan Peace ta gagare ni. Ba ta rashin kunya, ba ta faɗa da kowa. Amma loma uku take yi ta ture kwano. Malaminsu ya ce tun da ta zo ba ta buɗe baki a aji ba. Kullum da safe tana jikin taga."

"Me take kallo?"

Anti Remi ta ɗaga labule. A tsallaken titi, gefen shagon mai faci, wata tsohuwa na zaune a kan dutse da ƙullin leda a cinya.

"Tun ranar da aka kawo yarinyar, tsohuwar nan ko fashin Lahadi ba ta yi. Da ƙafa take zuwa daga Dogarawa. Na ce ta shigo, ta ce ita hutawa kawai take yi. In yaran sun wuce makaranta sai ta tashi. Ledar kuma ta bar wa maigadi, ta ce a ba duk yaron da aka ga dama. Ƙuli-ƙuli ne."

Diana ta gane Kaka Salome ce. Ta tsallaka titi, a karo na farko ba biro a hannunta. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa. Ƙafafun Kaka Salome sun kumbura, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure da waya.

"Kaka, kin ce ba ki son ta. Me kike yi a nan?"

"Ke ce mai takarda ko?"

"Ni ce."

Tsohuwa ta gyara zama. "'Ya'ya bakwai na haifa, 'yar nan. Shida na sa musu sunaye masu daɗi. Na goya su, na yi musu kirari, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Babu wanda ya kai yaye. Da na haifi ta bakwai, tsofaffinmu suka ce in nuna ba na so, wai mutuwa ba ta ɗaukar abin da aka yar. Aka kai ta bola aka ajiye, maƙwabciya ta ɗauko. Na kira ta Ajuji. Ta rayu, ta yi aure."

Wata tirela ta wuce.

"Ranar da ta haifi Ayashe aka kai jaririyar coci, daɗi ya kwashe ni. Na miƙe a gaban jama'a na ce, ku ga 'yata, ku ga abin da Allah ya bar mini. Ba a yi wata biyu ba mota ta kashe Ajuji da mijinta a hanyar Kaduna. Fasto ya ce ba bakina ba ne, rai na hannun Allah. Na yarda da Fasto. Amma in na buɗe baki zan faɗa, sai harshena ya ƙi."

"Kaka, da kin gaya mini."

"Kin tambaya? Kin ce in faɗa a gaban mutane ko a tafi da ita. Sai na ga gara tana raye a hannun wasu, ina hango ta daga nan."

Jama'a, ni ban ce mutuwa na jin kirari ba. Camfi ne, kuma tsohuwar da kanta ta san camfi ne. Amma wanda bai binne shida ba, ya yi a hankali da bakinsa.

Diana ta koma Samaru. Ta zauna gaban kwamfuta, ta karanta babin nan da take taƙama da shi, kunya ta rufe ta. Ta so ta gaya wa wani, ta duba wayarta daga sama har ƙasa, ba ta ga wanda za ta kira ba. Ta yi kuka ita kaɗai.

Washegari ta sami Baba Shekari ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba ni kika yi wa ba. Ɗauko biro, mu warware abin da kika ɗaure."

Ashe ɗaurewa ta fi kwancewa sauƙi. Sai ta rubuta da hannunta cewa rahotonta kuskure ne, fom ɗinta kuma yana da giɓi. Malamin da ke duba aikinta ya gaya mata gaskiya, in ta janye babin, karatunta zai ƙara shekara guda, taron da aka gayyace ta a Abuja kuma ya wuce ta. Ta ce ta ji. Aka sa ranar zaman kwamiti bayan wata biyu, tsohuwa kuma ta ci gaba da zama a kan dutsenta.

Ranar zaman, da safe a gidan yaran, mutum biyar suka jeru a bayan tebur. Tsarin ƙungiya ya ce dole a ji ta bakin yaro kafin a mayar da shi. Aka shigo da Peace, ta rame, wuyanta kamar na mariƙin lema.

Shugaban kwamiti ya sassauta murya. "Peace, kina son kakarki?"

"A'a."

"Kada ki ji tsoro. Kina son ta?"

"Ba na son ta."

Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar. Ya rufe fayil, ya dubi Diana. "Malama, kin ji da kunnenki. Ba za mu mayar da yarinya inda ba ta so ba."

Diana ta miƙe. "Ranka ya daɗe, tambayar ce ba daidai ba, kuma ni na rubuta ta. Da ita na raba su. A ba ni dama in yi wata."

Ta zagayo ta durƙusa a gaban yarinyar, ta kira ta da sunan da ta taɓa ba sifili.

"Ayashe, ba zan ce ki faɗi komai ba. In aka buɗe ƙofar can aka ce ki tafi inda kika ga dama, ina za ki?"

Yarinyar ta ɗago kai. Ta dubi ƙofa, ta dubi Diana. Baba Shekari ya tashi ya buɗe ƙofar. Sai ga ta a guje, ta wuce maigadi, ta tsaya bakin titi har motoci suka rage, ta tsallaka. 'Yan kwamiti biyar suna tsaye a taga suna kallo. Ta je ta zauna a ƙasa kusa da dutsen, ta jingina kanta da ƙafar tsohuwa. Shugaba ya buɗe fayil ya sa hannu.

Diana ce ta raka su Dogarawa a keke mai ƙafa uku. Suka isa gida. Tsohuwa ta shige ɗaki da jikarta, ta saki labule. Ba ta ce Diana ta shigo ba, ba ta kuma ce ta tafi ba. Diana ta tsaya a tsakar gida riƙe da jakar yarinyar, ta rasa inda za ta ajiye.

Daga bayan labule ta ji muryar yarinyar ƙasa-ƙasa.

"Kaka, sau uku suka tambaye ni ko ina son ki. Ban faɗa ba. Ba za ki mutu ba ko?"

Sai kukan tsohuwa ya fashe, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa. Diana ta ajiye jakar a bakin ƙofa, ta fita tana share ido, ta tsaya bakin hanya ita kaɗai tana jiran keken Samaru.

Darasi: Kafin ka yanke wa gidan wani hukunci, zauna ka tambayi abin da ya same su, domin ba kowace ƙauna ce ke iya fita ta baki ba. Malamai, ma'aikatan marayu da masu bincike, takarda na taimako, amma ba ta ganin kitso, ba ta ganin tabarma. Kuma mu iyaye da kakanni, tsoron da muka ƙi saukewa, yaranmu ne ke ɗauka. Ku tura wa duk wanda kuka san ƙaddarar yaro na bi ta ƙarƙashin bironsa.