Baƙon da Ya Sauka a Cikin Tauraruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Can ƙarshen duniya, inda sanyi ke daskarar da teku, akwai wata halitta mai hannuwa biyar a ƙarƙashin ruwa, ana ce mata Tauraruwa. Mace ce mai kara. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai bana take tara abinci a cikinta don ta yi ƙwai.

Rannan sai ga Mannau, ɗan ƙwaron nan mai manne wa duwatsun ruwa, yana rawar ɗari.

"Salamu alaikum, Inna. Sanyi zai kashe ni. A taimaka da masauki."

"Ɗan nan, ba ni da ɗaki sai cikina."

"Ai cikin ma ya isa."

Ya shige. Ta ci, ya ci. Ta tara, ya kwashe.

Maƙwabciyarta Ƙaguwa ta ce, "Ke, kore shi!"

"Haba Yaya, a kori baƙo da baki? Zan dai nuna masa hanya."

Tauraruwa ta ce, "Mannau, mutanen gida na can suna cigiyarka."

Ya ce, "Wa nake da shi in ba ke ba, Inna?"

Ta haɗiye haushinta. Ta haɗa masa guzuri, ta ce, "Ga na hanya."

Ya cinye nan take, ya ce, "Allah ya ƙara buɗi. Da saura?"

Ƙaguwa ta yi tsaki. "Kin rame, hannuwanki duk sun yi yaushi. Ina ƙwan?"

Tauraruwa ta ce, "Mannau, taso in raka ka."

"To, Inna, mu je."

Ta ja jiki, ta ja jiki, har bakin ƙanƙara, shi kuwa yana kwance a ciki.

"Mun iso. Allah ya kiyaye hanya."

"Amin. Mu koma, za ki kamu da mura."

Nan haƙuri ya ƙare. Ta daka tsawa, "Fita mini daga ciki, marar ta-ido!"

Ya ce, "Ayya, Inna, da tun farko kika faɗa! Ƙafafun na yar, ƙoƙon bayana na yar. Ɗan gida me zai yi da su?"

Ashe ya yi rassa, ya yi saiwa, kowane hannu nata da reshensa a ciki.

Lokacin ƙwai ya zo. Tauraruwa ta yi naƙuda, ta yi naƙuda. Ko ƙwai ɗaya babu. Sai 'ya'yan Mannau suka yi ta fitowa bululu, suka nufi gidan Ƙaguwa suna rawar ɗari.

"Salamu alaikum, Inna..."

Ƙaguwa ta ce, "Ba na nan!" Ta ja dutse ta rufe ƙofa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi. Karrama baƙo wajibi ne, amma maganar da kunya ta hana ki faɗa da safe, da yamma ko kin faɗa ba ta da amfani.