Duba-garin da aka ce ya hana gina masallaci

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari, sunansa Malam Mudi. Har ya koma ga Mahaliccinsa, idan an tashi kwatanta shi sai a ce, "wanda ya hana gina masallaci." Haka na ji tun ina yarinya, daga bakin manya. To, ni maganar da kowa ya yarda da ita, ita na fi tuhuma. Na bi sawunta. Ku saurara ku ji abin da na samo.

Malam Mudi duba-gari ne. Aikinsa ya zaga unguwanni da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, ya ga wanda ya toshe magudanar ruwa ko ya yi gini a kanta. A bayan unguwarsu akwai tsohon kududdufi, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini. Duk ruwan damina nan yake taruwa. Dokar gari kuwa ta ce ba a cike kududdufi sai duba-gari ya sa hannu, domin idan ruwa ya rasa mazauni, gidajen gangare zai nufa.

Sai wani attajiri, Alhaji Barau, ya sayi wurin, ya aika aka kira Malam Mudi.

Ya ce, "Malam, masallaci zan gina a nan. Hannu kawai za ka sa. Kujerarka ta Makka kuma tana nan, bana."

Ku gane, shekara talatin Malam Mudi yana begen Makka. Idan alhazai sun dawo, shi ne na farko a ƙofar gida. Ya karɓi dabino, ya zauna, ya ce a sake ba shi labarin Arfa. Duk da haka sai ya yi tambaya.

"Alhaji, ruwan fa? Ina zai je?"

"Ruwa na Allah ne. Allah ya san inda zai kai shi."

"Ai ya riga ya kai shi, Alhaji. Ga shi nan kwance."

Bai sa hannu ba.

Kafin Juma'a ta zagayo, magana ta cika gari. Ya yi sallama a majalisa, a amsa a ciki. Ya miƙa hannu bayan salla, a ba shi yatsu biyu. Matarsa Tasalla ta dawo daga gidan suna idonta jajir.

"Malam, ko tabarma ba a matsa mini ba. Wai matar mai gaba da ɗakin Allah."

"Yi haƙuri, Tasalla."

"Haƙurin nake yi. Amma ba kai ne ka ce in ka ga Ka'aba ka gama roƙon duniya ba?"

Ya ce, "Ni ne. Sai dai gida arba'in ne a gangare, kuma kowanne na san mai shi."

Aka kira shi ƙofar mai unguwa, jama'a ta taru. Alhaji Barau ya yi murmushi ya ce, "Malam mai igiya, kai da kake auna kowa, ka taɓa auna zauren gidanku?" Aka yi dariya.

Malam Mudi bai yi ba. Ya koma gida ya shimfiɗa igiya, sai ya tarar gaskiya Alhaji ya faɗa. Zauren ya ci taku uku cikin hanyar ruwa. Zauren da mahaifinsu ya gina da hannunsa, inda ya koya musu karatu, inda aka yi masa wankan gawa. Ya buɗe gwangwanin jan fentin da yake shafa wa ginin da za a rushe. Wansa Ilu ya fito ya riƙe masa hannu.

"Mudi, zauren Baba za ka shafa wa ja? Wa ya sa ka? Wa ma ya duba?"

"Yaya, da igiyar nan na rushe katangar mutane. Ba ni da wata."

Da rana tsaka ya ɗauki diga ya kayar da shi, yana yi yana share ido da hannun riga. Daga ranar Ilu bai ƙara cin tuwo da shi ba.

Kuna tsammanin mutane sun ji kunya? Ina. Cewa suka yi, wanda ya rushe zauren ubansa, masallaci ne zai bari? Suka kai ƙara, aka sauke shi daga aiki. Wanda ya gaje shi ya sa hannu kafin ya gama sanin hanyar unguwar. Aka yi ta zuba shara da ƙasa har kududdufi ya ɓace.

A damina ta biyu aka yi ruwa tun daga hantsi har la'asar. Ruwan ya zo inda ya saba kwanciya, ya tarar babu wuri, ya wuce gangare. Gida goma sha tara ya faɗi. Aka tono Inna Kulu mai ƙosai daga ƙarƙashin ɗakinta, rungume da jikarta. Malam Mudi na cikin waɗanda suka ɗauki makara. A maƙabarta aka yi ta cewa ƙaddara ce, kuma ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Shi ma bai ce da kowa "na faɗa muku" ba. Bayan shekara shida ya rasu, bai ga Makka ba.

'Yan'uwa, cutar da maƙwabci haramun ce, ko da sunan ibada aka lulluɓe ta. Kuma kafin ki ce wane mugu ne, tambayi abin da ya hana da dalilin hanawar. Ke da kike juye shara a kwata idan hadari ya haɗo, kai da ka ƙara dakali a kan lambatu kana cewa taku ɗaya ne, ruwan nan gidan wani zai shiga, kuma mai gidan yana da suna. Yau kowa ya koma ya auna zaurensa.

Na je garin, na tsaya inda kududdufin yake a da. Shaguna ashirin da biyu ne a wurin. Babu masallaci.