Sunan da Martina Ta Yar a Amurka

Akwai wata nas a garin Largo na Amurka, Martina Chuwang, 'yar Barikin Ladi. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, mahaifinta Baba Chuwang ne ya raine ta shi kaɗai.

Martina ta tsani sunanta. A cewarta sunan tsofaffin zumuntar mata ne, katikis ne kawai ya tsinto shi a kalandar coci. Ranar da ta yi rantsuwar zama 'yar Amurka, da yake ana ba mutum damar sauya suna, sai ta koma Diana. Ko shawarar tsohon ba ta nema ba, alhali ta riga ta kawo shi Amurka, yana gidanta.

Da ta gaya masa, ya ce, "Zauna in ba ki labarin sunan nan."

Ta ce, "Baba, don Allah, aiki zan tafi."

Kai, mutum! Minti biyar fa ya isa ta saurare shi.

Da mantuwa ta fara kama Baba, ta kai shi gidan kula da tsofaffi a garin Clinton. Babu mai jin Hausa a wurin, balle yarensa na Berom. Wuni yake yi a bakin taga, ba mai ce masa sannu. Ita ma ba daɗi take ji ba. Daga asibiti sai gidan da ba kowa, ta ci abinci a tsaye. Amma zuwa wurinsa sai ta ga dama.

Wata Lahadi ma'aikaciyar gidan ta shigar da ita, ta ce masa, "Ga 'yarka Diana."

Ya dube ta sosai. "Ba ni da 'ya Diana. Amma zauna, baƙuwa. Kina jin Hausa?"

"Ina ji, Baba."

Fuskarsa ta washe. "Tawa Martina ce. Kin san mai sunan? An ce wata budurwa ce a birnin Roma, zamanin da ake kashe Kiristoci. Marainiya ce. Aka tsayar da ita gaban sarki, aka ce ta yi wa gunki hadaya. Ba uwa, ba uba, ba mai tsaya mata. Ta ƙi. Suka azabtar da ita har suka gaji, sannan suka sare kanta."

Ya share baki da gefen rigarsa.

"Da muka binne matata, na je wajen Fada, limamin cocinmu, na ce ya nemo mini sunan wadda ta tsaya ita kaɗai ba ta karaya ba. Na san yarinyar nan za ta sha kaɗaici. Ba ni da gadon da zan bar mata, sai na ba ta wannan."

Jama'a, ni kaina a nan na yi hawaye.

Ta durƙusa, ta kama hannunsa. "Baba, ni ce. Ni ce Martina."

Ya zare hannunsa a hankali. "A'a, baƙuwa, kada ki ɗauki sunan mutane. Martina tana hanya. In kin tashi ki bar mata kujerar."

Har ya rasu bai sake gane ta ba.

Darasi: Kafin ka raina sunan da iyayenka suka raɗa maka, zauna ka tambaye su dalili tun suna iya ba ka amsa. Tura wa wanda iyayensa ke raye, ya kira su yau.